Randar Da Aka Bari Ba Faifai

A farkon 2018 fari ya matsa wa birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, har hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 ta ruwa a rana, kuma ta hana masu kwamin wanka su ƙara masa ko ɗigo daga ruwan famfo. Dole masu gidaje da otal-otal suka koma yin abin da kowace uwar gida take yi wa randarta.

Ai kwamin wanka randa ne, bakinsa ne kawai ya cika faɗi. Irin wanda ake gasar Olamfik a ciki, tsawonsa mita 50, faɗinsa 25, yana cin lita wajen miliyan 2 da rabi. Duk faɗin nan a buɗe yake, rana na sha, iska na sha, kuma ɓarnar waɗannan biyun ta fi ta masu iyo da fantsamarsu. Uwar gida kuwa tana gama ɗiba da moɗa za ta mayar da faifai. Faifan kwami wata shimfiɗar leda ce mai kauri da ake ja a kan ruwan idan an tashi daga wanka. Ita kaɗai tana tare mafi yawan ruwan da zai bi iska, ta tare ƙura da ganye. Mai otal a Kano ko Abuja da ya bar nasa a buɗe cikin hunturu, busasshiyar iskar nan yake shayarwa, kuma a ganina wannan almubazzaranci ne a garin da mata ke jiran mai ga-ruwa.

Sai batun yoyo. Randa mai tsaga gindinta ne ke tona ta, kullum a jiƙe. Kwami kuwa a binne yake, ba mai ganin gindinsa. Sai a cika bokiti, a ajiye shi a kan matakalar kwamin, a yi alamar inda ruwa ya tsaya ciki da waje. Washegari, idan na kwamin ya fi na bokitin sauka, to akwai tsaga.

Ba a kuma kwarar da randa guda saboda laka ta kwanta a ƙasa. Na'urar tacewa da kilorin suna riƙe ruwa ɗaya shekara da shekaru. Ruwan da aka wanke matatar da shi, a tara shi ya kwana biyu ƙarfin kilorin ya fita, sannan a kai shi gindin bishiya.