Ganyen Bilva da Addu'arsa a Bautar Shiva

A addinin Hindu na ƙasar Indiya, babu ganyen da masu bautar Shiva suke girmamawa kamar bilva, ganyen wata bishiya mai ƙaya wanda ke fitowa uku-uku a haɗe. Ana miƙa shi tare da karanta Bilvashtakam, addu'a mai baituka takwas cikin harshen Sanskrit, wadda ke danganta ganyayyakin ukun da idanun Shiva uku da mashinsa mai baki uku, tana kuma cewa ganye guda yana kankare zunubin rayuwa uku, bisa imaninsu da sake haihuwa. Mai ibada yakan zaɓi wanda bai yage ba, ya kife shi a kan linga, wato dutsen da ke wakiltar Shiva, musamman ranar Litinin da daren bikin Maha Shivaratri.