Zaɓen Fetur da Baƙin Mai Ga Tsofaffin Motoci a Abuja

ABUJA — Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, mota ƙirar Peugeot 504 ita ce ta cika harabar ma'aikatu da titunan Garki da Wuse. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci cikin 1975, ya ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ita da 505, da a-kori-kura ƙirar 404, da Volkswagen mai siffar kunkuru da aka riƙa harhaɗawa a Legas, da Marsandi 200, har yanzu ba su ɓace daga Babban Birnin Tarayya ba. Wasu na dakon kaya a Dei-Dei da Zuba, wasu kuma masu su sun adana su a matsayin kadara, ana hayarsu don biki ko shirin fim.

Matsalar da ke gaban mai irin wannan mota ita ce, an ƙera injinta ne bisa fetur da baƙin mai na wancan zamani, alhali kuwa dukansu biyu sun sake. Tun da yake kayan gyara na asali sun yi wuya ko a unguwar kanikawa ta Apo, kuskure wajen zaɓen mai yana iya jawo bugawar inji, watau hasarar da ta ninka kuɗin juyen mai na shekaru da dama.

Fetur marar dalma

A da, akan zuba sinadarin dalma cikin fetur don ƙara masa ƙarfin jure matsi. Dalmar kan bar wani ɗan shafe a kan mazaunin bawul na fitar hayaƙi, wanda ke hana shi cinyewa. Amma saboda illarta ga lafiya, musamman ga ƙwaƙwalwar yara, ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara suka amince a taron Dakar na 2001 su daina amfani da ita, kuma suka cika alkawarin a farkon 2006. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina sayar da irin wannan fetur ga motoci, cikin 2021.

Illar rashin dalma ta fi tsanani ga injin da aka zuba kansa da baƙin ƙarfe, aka kuma sassaƙa mazaunin bawul a jikinsa, kamar tsohuwar Land Rover mai amfani da fetur. Idan ana doguwar tafiya da gudu, ko da kaya masu nauyi, bawul kan riƙa nutsewa a hankali har inji ya rasa ƙarfi. Injunan 504 da Volkswagen kuwa kansu na alminiyam ne, an dasa musu mazauni na ƙarfe dabam, saboda haka sun fi jurewa. Duk da haka wajibi ne makaniki ya riƙa auna tazarar bawul a kai a kai, domin raguwarta ita ce alamar farko. Magani mai ɗorewa shi ne a dasa mazauni mai tauri duk ranar da aka kwance kan inji.

Inda za a sayi fetur

Gidajen mai na Abuja fetur iri ɗaya suke sayarwa, don haka abin da mai mota zai zaɓa shi ne wurin saye. Gidan mai da ke da yawan ciniki ya fi, domin mansa ba ya daɗewa a rijiyar ƙasa balle ya tara ruwa da laka. Fetur na jarka da 'yan bumburutu ke sayarwa a bakin titi lokacin ƙarancin mai babu mai tabbacin abin da ke cikinsa, kuma ƙofofin kafireta ƙanana ne, ƙwayar datti ɗaya ta isa ta toshe su.

Ko man da ya biyo ta hanyar hukuma yakan zo da matsala. A watan Fabrairu na 2022 hukumomi sun tabbatar da cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, abin da ya haddasa dogayen layuka a Abuja da Legas. Sinadarai dangin barasa irin wannan suna jan ruwa, suna kuma cin tsohuwar roba, watau tiyon mai da fatar famfon fetur. Ya kamata a sauya tsofaffin tiyo da na zamani, a kuma sanya matacin fetur kafin kafireta.

Idan inji yana ƙara ƙas-ƙas yayin hawan tudu, alama ce fetur yana kamawa kafin lokacinsa. Makaniki zai iya rage wannan ta hanyar ɗan jinkirta wuta a dilko. Sakaci da wannan ƙara yana ƙona fistin. Har ila yau, fetur kan lalace idan ya yi watanni a tanki, ya zama danƙo a cikin kafireta. Motar da ake ajiyewa sai ranar biki tana bukatar a riƙa fita da ita tana zagayawa har inji ya yi zafi sosai, musamman da damina.

Lambobin da ke jikin galan

Lambar SAE tana nuna kaurin baƙin mai. A 20W-50, lambar farko tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa bayan inji ya ɗauki zafi. Motocin zamani suna son mai tsinkakke kamar 5W-30 ko 0W-20, domin sassan injinsu a matse suke. Tsohon inji kuwa tun daga masana'anta tazararsa ta fi faɗi, ga kuma cinyewar shekaru. Idan aka zuba masa tsinkakken mai a zafin Maris da Afrilu, aka kuma shiga cunkoson Nyanya da Mararaba, ƙarfin tura mai kan faɗi, fitilar gargaɗi ta kama. Shi ya sa 20W-50 ya fi dacewa da yawancin waɗannan motoci. SAE 40, wanda direbobi da yawa suka saba da shi, yana aiki da rana, amma yakan yi nauyin zagayawa da asubahin hunturu, lokacin da inji ya fi cinyewa.

Haruffan API kuwa suna nuna matakin inganci: SF ya fito cikin 1980, SL cikin 2001, SM cikin 2004, SN cikin 2010, SP cikin 2020. A nan akwai abin lura. Tsofaffin injuna suna dogara da wani sinadari mai tutiya da fosfaras, wanda ake kira ZDDP, don kare kamshaf daga gogayya. A matakin SM an ƙara taƙaita fosfaras a cikin mai tsinkakke, domin yana lalata na'urar tace hayaƙi ta motocin zamani. Wannan ƙa'ida ba ta shafi 20W-50 ba. Ke nan galan mafi tsada a kanti ba lallai ne ya zama mafi amfani ga 504 ba. Bugu da ƙari, man roba na zamani, watau sintetik, yakan wanke dattin da ya daɗe yana toshe tsofaffin gasket, sai ɗiga ta bayyana.

Jabu da lokacin juye

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne man da ake aunawa a kwalba a gefen hanya, wanda sau da yawa ɗanyen mai ne marar sinadaran kariya, ko tsohon mai da aka tace. Abin da ya fi shi ne a sayi galan a rufe daga gidan mai ko dila sananne, a duba hatiminsa da tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON. Kamfanoni kamar TotalEnergies, da Conoil, da Ammasco na Kano duk suna haɗa baƙin mai a cikin gida.

Injin kafireta yana zubar da ɗan fetur cikin baƙin mai, ƙurar hunturu kuma tana ƙara masa datti. Saboda haka a yi juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, tare da sauya mataci. Volkswagen ta fi bukatar kulawa, domin lita biyu da rabi kawai take ɗauka, ba ta da lagireto, raga ce kurum take tace mata mai, kuma man yana taimaka wa iska wajen sanyaya inji.

Tun bayan janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a Abuja ta tashi zuwa N537, ta kai N617 a Yuli na shekarar, ta kuma haura N1,000 a Oktoba na 2024. Irin wannan tsada takan sa mai mota ya nemi sauƙi a wajen baƙin mai, ko ya jinkirta juye. Lita huɗun da 504 ke sha a kowane juye ƙaramin kaso ne cikin kuɗin tafiyar da motar a shekara. Inda ake samun rangwame na gaskiya shi ne daidaita kafireta, da sauya fulogi, da tsabtace matacin iska, domin su ne ke rage shan fetur ba tare da an taɓa lafiyar inji ba.