Kuɗin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa: ina ribar makiyayi a ciki?



A bazarar da ta wuce muna zagayen rigakafi a wata rijiya arewa da Dakwaro, sai wani dattijo mai shanu ya tare ni da tambaya. Ya ji a rediyo ana zancen kuɗin da gwamnati da abokan hulɗarta ke warewa don binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa cikin shekara biyar sau biyu yana ƙara wa igiyar wasakinsa tsawo. Ya ce: "Malam likita, maimakon wannan bincike, me zai hana a gina mana rijiya kawai?" Na amsa masa a tsaye, allura a hannu, amsar ba ta gamsar da ni ba. Ga cikakkiyarta.

Rumbu biyu ne a ƙarƙashinmu

Duk wanda ya taɓa tona yashin gulbi da rani ya ga ruwa ya tsattsafo, ya san yadda ruwan ƙasa yake zama: cikin rairayi, tsakuwa da tsagar duwatsu. Wannan ruwa iri biyu ne. Akwai na sama-sama, wanda damana ke zuba wa sabo kowace shekara, kamar rumbun da ake cikawa duk kaka. Akwai kuma mai zurfi, wanda ya shiga ƙasa shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da ake ruwa sosai a wuraren da yanzu suka zama hamada. Shi wannan rumbun gado ne, abin da aka ɗiba ba ya dawowa a zamaninmu. Ƙiyasin da hukumomin ruwa na Nijar ke aiki da shi ya ce mai sabuntuwa ya kai mita kubik biliyan 2.5 a shekara, na gado kuwa wajen biliyan 2,000. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ke nan, wato tano biyar.

Jihohin Tawa da Doso da babban yankin Maraɗi suna zaune a kan babban kwarin ruwa da ake kira Iullemmeden, wanda muke tarayya da Mali da Najeriya. Cibiyar OSS da ke Tunis ta lissafa cewa abin da ake ɗiba daga cikinsa ya tashi daga mita kubik miliyan 50 a 1970 zuwa miliyan 180 a 2004, alhali abin da ke shiga a shekara bai wuce wajen miliyan 150 ba. Tun daga lokacin kuma mutane, garake da famfuna masu hasken rana sai ƙaruwa suke yi.

Ta ina ruwan ke shiga?

A nan ne bincike ya koya mana abin da ido ba ya gani. A yankin Fakara, gabas da Yamai, masanan Jami'ar Abdu Mumuni da na cibiyar IRD ta Faransa sun daɗe suna auna rijiyoyi. Sun gano ruwan ƙasa ya hau da wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980. Dalili shi ne an sare daji an yi gonaki, ƙasa ta daskare, ruwan sama ya riƙa gudu yana taruwa a tabkuna, daga ƙasan tabkin yake tsiyaya ya gangara. Ashe a ƙasa irin tamu yawancin ruwan da ya sauka a fili rana da tsirrai ke shanye shi, tabki da kwari da gulbi su ne ƙofofin shigarsa. Kada dai a ɗauka saran daji alheri ne: rijiya ta samu ruwa, makiyaya ta rasa ciyawa, zaizayar ƙasa ta ƙaru.

A Gulbin Maraɗi, wani shiri mai suna GroFutures, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya sa na'urori cikin rijiyoyi, aka ga ruwansu yana hawa ne idan gulbin ya kawo. Gulbin kuwa daga Najeriya yake fitowa, kuma akwai madatsar Jibiya a kansa. Ke nan rijiyar mai shanu a Madarumfa tana da alaƙa da shawarar da ake yankewa a ƙetaren iyaka.

Damagaram kuma labarinta daban. Birnin a kan dutse yake, dutse kuwa ba ya riƙe ruwa sai a tsaga, shi ya sa ake jawo ruwan sha daga nesa, daga irin su Gogo-Macaya da Arunguza. A irin wannan wuri, haƙa ba tare da bincike ba caca ce.

Me ake yi da kuɗin?

Ana haƙa ƙananan rijiyoyin awo, waɗanda ba a ɗibar ruwa a cikinsu sai dai a riƙa duba hawa da saukarsa. Ana ɗaukar ruwa a kwalba a kai ɗakin gwaji don a san gishiri da sinadaran da ke ciki. Akwai ma gwajin da ke faɗin shekarun ruwa, sabo ne ko na gado. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta yi irin wannan aiki da ƙasashen Sahel 13, har da Nijar, daga 2012 zuwa 2017. Sannan ana zana taswira, ana biyan karatun ɗalibai. Gwamnati ta amince da tsarin kula da albarkatun ruwa na ƙasa, PANGIRE, a 2017, kuma a 2021 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 400 don shirin ruwa na PISEN, wanda sanin yawan ruwa da lura da shi na cikin ayyukansa. Ɗan kasuwa ba zai biya irin wannan aiki ba, tunda awon rijiya na shekara ashirin ba ya kawo riba a aljihun kowa. In gwamnati ba ta biya ba, babu mai biya.

Abin da ya shafi lafiyar bisashe

Saniya babba na shan lita 30 zuwa 40 a rana da bazara, tunkiya ko akuya lita 4 zuwa 5. Garken shanu 50 na bukatar kusan tano goma kullum. Idan rijiya ta ja baya, sai a koma shayarwa kwana bi-biyu, nono ya ragu, maruƙa su rame, masu ciki su yi ɓari, jakai da raƙuman jan wasaki su gaji. Idan ta ƙafe, garke goma su haɗu a kwami guda, kuma nan ne ciwon huhu na shanu da annobar tumaki da awaki ke samun hanya.

Kyawun ruwa ma abin dubawa ne. Mutanen Maraɗi ba su manta da Tibiri ba, inda wani foraj na shekarun 1980 ya ba da ruwa mai sinadarin fuloraid fiye da ƙima, yara da yawa suka samu lalacewar haƙora da lanƙwasar ƙashi. Ƙimar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan shan mutum ita ce miligiram 1.5 a lita. Wannan sinadari na taɓa bisashe ma: haƙora su yi dabbare-dabbare su cinye da wuri, gaɓoɓi su kumbura, dabba ta riƙa ɗingishi. Ni kaina na taɓa yi wa wani garke maganin tsutsar ciki har sau biyu saboda zawo, daga baya muka gane gishirin ruwan sabon foraj ne ya yi yawa. Da an gwada ruwan tun farko, da mai garken bai yi asarar kuɗin magani ba.

Mayar da ruwa cikin ƙasa

Adar ta riga kowa a nan. Aikin Keita, da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, da shingayen dutse da siminti masu baza ruwa da aka gina a kwaruruwan jihar Tawa da taimakon Jamus, sun nuna cewa in aka rage wa ruwa gudu yana samun lokacin nutsewa, rijiyoyin kwari su daɗe ba su ƙafe ba. Rabin wata da tassa ma suna taimakawa a kan fako.

Sai dai akwai abu biyu da makiyayi zai sa wa ido. Na farko, kwarin da ya samu ruwa yakan zama garake, a wayi gari an toshe burtali da mashaya. Na biyu, ruwan da ya daɗe kwance yana tara katantanwa mai ɗauke da tsutsar hanta, da sauro. Mun tuna zazzaɓin Rift da ya kashe mutane da bisashe a Cintabaradan da Tasara a 2016. Maganinsa a shayar a kwami daga rijiya in da hali, a kuma ba da maganin hanta a ƙarshen damana.

Abin da ƙungiyarku za ta iya yi

Ku sayi littafi. Ranar ɗaya ga kowane wata, da asuba kafin a fara ja, mutum guda ya auna gaba nawa ne daga bakin rijiya zuwa ruwa, da igiya guda wadda ba a canzawa, a rubuta. Bayan shekara biyu kuna da hujjar da za ku ajiye gaban magajin gari da ma'aikatan gidan ruwa.

In an zo da zancen sabon foraj, ku nemi a karanta muku sakamakon gwajin ruwan kafin a ɗaura famfo, ku tambaya ko daga rumbun da ke sabuntuwa yake ko daga na gado. Ku tuna dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sa tazara a yankin makiyaya: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin foraj, don kada ciyawa ta ƙare a kewayen ruwa.

In za a gina shinge a kwari, wakilinku ya zauna a kwamitin filaye, wato Kofo, a shata burtali da wurin shayarwa a rubuce kafin a aza dutse na farko. Kuma in kun ga bututun ƙarfe mai murfi da kwaɗo a daji, rijiyar awo ce. Ku hana yara cusa mata duwatsu.

Baba mai shanu na Dakwaro, rijiyar da kake so tana nan cikin bukata, kuma haƙƙinka ne ka nema. Binciken shi ne zai faɗa inda za a haƙa ta, zurfin da za a kai, da garke nawa za ta iya ɗauka ba ta ƙafe ba. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.