Furen Da Aka Ce Yana Jure Rana

Zancenmu na wannan mako na lambu ne. Wata ƙawata da muka yi kwalejin horon malamai tare, wadda ta bi maigidanta karatu Landan, ta rubuto mini cewa ta ga wani ɗan itace a wurin masu sayar da shuke-shuke. Ganyensa kore shar duk shekara, har cikin hunturu, kuma takardar da aka rataya masa ta ce yana jure rana. Tana so ta dasa ɗaya a bayan gidan da suke haya, ta kuma sayi biyu ta kawo wa mahaifiyarta tsaraba a Kano. Amsar da na ba ta ita ce zan ba ki, domin wataƙila ke ma kin taɓa ganin hotonsa a kalanda kin yi sha'awa.

Sunan itacen rododendiron. Irinsa sun kai wajen 1,000, kuma yawancinsu 'yan tsaunuka ne, watau duwatsun Himalaya da kudu maso yammacin ƙasar Sin, inda ake hazo da ruwan sama da sanyi. Ƙasar Nepal ta ɗauki wani jan irinsa ya zama furen ƙasa. Wani Bature masanin tsirrai, Joseph Hooker, ya tattara iri masu yawa a Sikkim tsakanin 1848 da 1850 ya aika Ingila. A Afirka kuwa babu ko iri ɗaya da ke fitowa da kansa a daji.

Yawancinsu inuwar manyan itatuwa suke so. Masu jure rana su ne galibi masu ƙananan ganye. Wanda ya yi suna a cikinsu shi ne PJM, wanda aka samo ta hanyar haɗa iri biyu a jihar Masacuset ta Amurka a 1939. Furensa shunayya ne, tsawonsa kuma daga ƙafa 3 zuwa 6. To, uwargida, ki lura da kyau. Ranar da ake nufi a takardar nan ranar can ce, ba tamu ba. Kansa na iya ɗaukar rana, amma saiwarsa ba ta ɗaukar zafi ko kaɗan, domin siririya ce kamar gashi, kuma a sama-sama take kwanciya.

Saboda haka in kina zaune a ƙasar sanyi kina so ki dasa shi, ga abin da za ki kiyaye.

Na farko, ƙasa. Ƙasa mai tsami yake so, wadda a ma'aunin masana aikin gona take tsakanin 4.5 da 6. Kada ki zuba masa toka, kada ki dasa shi inda akwai farar ƙasa ko ɓaraguzan siminti. Wurare da yawa a kudancin Ingila ƙasarsu mai alli ce. A irin wannan wuri sai ki sa shi a babbar tukunya mai huji a gindi, ki sayi ƙasar da aka haɗa musamman domin shuke-shuke masu son tsami.

Na biyu, rami. Ki faɗaɗa shi, amma kada ya yi zurfi. Saman ƙasar da ya zo da ita ya daidaita da saman ƙasar lambunki. Binne shi da zurfi yakan kashe shi. Sa'an nan ki lulluɓe kewayen gindin da ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace, kaurin inci 2 ko 3, domin saiwar ta zauna cikin sanyi. Ciyawa da hannu za ki cire, fartanya takan tsinke saiwa.

Na uku, ruwa. Ƙasar ta kasance da danshi kullum, amma kada ruwa ya kwanta. Ruwan sama ya fi. Ruwan famfon Landan yana da alli, shi ne ke barin farin nan a cikin butar shayi. In kin ga ganye ya zama rawaya jijiyoyinsa kuwa suna nan kore, to, allin ya hana shi shan sinadarin ƙarfe daga ƙasa.

Na huɗu, aski. In za ki rage rassa, ki yi da zarar fure ya kaɗe, domin tohon furen baɗi tun bana yake ɗaurawa.

Sai gargaɗi, wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci. Ganyen rododendiron da furensa suna da dafi. Akuya ko tunkiya in ta ci sai dalala da amai, wani lokaci har mutuwa. Ko zumar da ƙudan zuma suka haɗa daga furen wasu irinsa, a Turkiyya da Nepal, takan jawo jiri ta rage bugun zuciya. Kada ki bar yaro mai rarrafe kusa da shi. In yaro ya tauna, ki garzaya da shi asibiti, ki tafi da ganyen a hannu domin likita ya gani.

Batun tsarabar Kano kuwa, na ce wa ƙawata ta adana kuɗinta. Garin da zafi kan kai digiri 40 a watan Afrilu, ga iskar hunturu mai busar da ganye, ga awaki a tsakar gida, ba wurin wannan itace ba ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da nake gaya wa ɗalibaina a lambun makaranta ke nan: kafin ku dasa kowace shuka, ku tambayi garinsu. Na ba ta shawara ta dasa nata ɗaya a can, in ya yi fure ta ɗauki hoto ta aiko wa tsohuwa. In sun dawo gida kuma, ga lalle da rumman, waɗanda suka saba da ranarmu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.