Yadda banɗakin gida ke zama tarko ga tsofaffi

A gidaje da dama a biranen Arewa, idan Allah ya buɗa wa ɗa, cikin abubuwan da yake fara yi wa iyayensa akwai gyaran banɗaki. A fasa tsohon daɓen siminti, a shimfiɗa tayil mai sheƙi, a ja famfo. Niyya ce mai kyau, amma irin wannan tayil idan ya haɗu da ruwa da kumfar sabulu, santsinsa kan kayar da matashi ma, balle dattijon da gwiwarsa ta fara gajiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace na faruwa ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikin mamatan. Wani rahoto da hukumar ta fitar a 2007 ya nuna cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Me ya sa banɗaki?

A banɗaki ake haɗa abubuwan da suka fi wahalar da jikin tsoho: tsuguno, miƙewa, ɗaga bokiti, da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya wajen wanke ɗayar lokacin alwala. Duk kuwa a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Ga kuma lokacin da ake shiga. Tsoho mai ciwon suga ko matsalar mafitsara yakan fita fitsari sau biyu ko uku kafin Asuba, cikin magagin barci, sau da yawa an ɗauke wuta. Idan ya tashi zumbur daga kwance, jini kan yi jinkirin isa ƙwaƙwalwa, sai jiri ya ɗebe shi. Wasu magungunan hawan jini da na barci na ƙara wannan jirin. Idan akwai yanar ido, ba zai ga ruwan da ya kwanta a ƙasa ba.

Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne karayar ƙashin ƙugu, musamman ga mata, domin ƙashinsu kan rage ƙwari bayan ɗaukewar al'ada. Doguwar kwanciyar da ke biyo baya tana jawo gyambon kwanciya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Da yawa daga waɗanda suka warke ba sa komawa tafiya kamar da.

Gyaran da bai kai kuɗin jinya ba

Abu na farko shi ne wurin kamawa. Mai walda zai iya lanƙwasa bututun ƙarfe a kafe shi da kyau a bango, ɗaya kusa da masai, ɗaya a wurin wanka. Kan famfo, ƙofa ko ƙarfen rataye tawul ba a yi su don ɗaukar nauyin mutum ba.

Na biyu wurin zama. Kujera mai ƙwari wadda ƙafafunta ba sa zamewa za ta ba tsoho damar yin wanka da alwala a zaune. Wanda tsuguno ke yi wa wuya, a sa masa masai na zama, ko a ɗora kujera mai rami a kan na tsugunon.

Idan za a sa tayil, a nemi mai kaushi. Idan an riga an sa mai sheƙi, a shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa. Daɓen siminti kuma a riƙa goge gansakukarsa, a buɗe rariya don kada ruwa ya kwanta.

Fitila mai caji ko ta sola ta kwana a kunne tsakanin ɗaki da banɗaki, a kawar da buta, bokiti da igiyar shanya daga hanya. Silifa da ƙasansa ya suɗe a sauya shi. Inda banɗakin ke can ƙarshen tsakar gida, ajiye fo a ɗaki da daddare ya fi ratsa duhu.

Akwai kuma batun sakata. Idan tsoho ya kulle kansa ya faɗi a jikin ƙofar da ke buɗewa ta ciki, ceto kan yi wuya. Ƙofar da ke buɗewa ta waje ta fi aminci.

Shi ma tsohon yana da nasa: ya zauna a bakin gado kamar minti ɗaya kafin ya miƙe. Mai yawan jin jiri ya kai wa likita dukkan magungunan da yake sha a duba, kada ya daina da kansa.

Idan an riga an faɗi

Kada a yi gaggawar ɗaga shi da ƙarfi. Idan ya kasa tsayuwa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta karkata waje, alama ce ta karayar ƙugu. Wannan karaya ce da ɗaurin gida ba ya isa gare ta, tana buƙatar hoto, kuma galibi aiki cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Asibitoci irin na ƙashi da ke Dala a Kano na yin wannan aikin.

Wanda ya bugu a ka, musamman mai shan maganin tsinka jini, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Zubar jini a cikin kai kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta bayyana.

Babban cikas shi ne kunya. Uwa ko uba ba kasafai za su gaya wa 'ya'yansu sun zame a banɗaki ba, sai dai a ga suna ɗingishi ko sun rage wanka. Wanda ya faɗi sau ɗaya kuwa ya fi shiga haɗarin sake faɗuwa. Don haka mai zuwa gaida iyaye a ƙarshen mako ya leƙa banɗakin, ya zuba ruwa a ƙasa, ya taka da kansa ya ji.