Jan sama da almuru: tsakanin jita-jita da gaskiya

A watan Mayun 2020 guguwar ƙura ta turnuƙe birnin Yamai da rana, sama ta yi jawur, hotuna suka cika wayoyi. A irin wannan rana ba a rasa masu fassara: alamar zubar jini ce, ko wata fitina ce ke tafe. Da yamma ma haka ake yi idan jan ya yi yawa. Alhali jan almuru yana da sanadi sananne, kuma shekara sama da 150 ke nan da aka bayyana shi.

Hasken rana da ido ke gani fari, tarin launuka ne, waɗanda bakan gizo ke bajewa bayan ruwa. Idan ya shigo cikin iskar da ta lulluɓe duniya, ƙwayoyin iskar sai su tarwatsa shuɗi ko'ina, fiye da yadda suke tarwatsa ja wajen sau biyar. Wani masani ɗan Ingila, Lord Rayleigh, shi ya fitar da lissafin haka a 1871. Da rana tsaka hanyar hasken gajeriya ce, shuɗin da ya watsu shi ke cika sama. Da almuru kuwa hasken a kaikaice yake zuwa, yana ratsa iska da ta ninka ta tsakar rana kusan sau 38. Kafin ya iso, shuɗin ya zube a hanya, saura ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa. Su ne ke sauka a cikin gajimare su rina shi.

Nan ma zancen cewa teku ce ke ba sama shuɗinta ya faɗi. Mutumin Agadas ba ya kusa da teku, amma samansa shuɗiya ce shar.

Akwai masu cewa ƙura da hayaƙi ne ke ƙawata faɗuwar rana. Wannan rabinsa gaskiya ne, kuma ya dogara da girman ƙurar da inda take. Da dutsen Krakatoa na Indunusiya ya yi aman wuta a watan Agustan 1883, ya watsa ƙananan ƙwayoyi can ƙololuwar sama, aka yi watanni ana ganin yammaci ja zur a sassan duniya, har 'yan kwana-kwana a wasu garuruwan Amurka suka fito da zaton gobara ce. Haka aka sake gani bayan aman dutsen Pinatubo na Filifin a 1991. Amma ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi manya-manya ce, kuma ƙasa-ƙasa take yawo. Irin wannan duk launuka take watsawa kusan daidai, sai ta dusashe su. Duk wanda ya tsaya bakin ganuwa a Kano cikin Janairu ya san yadda ake yi: rana ta koma farin faifai, ta nutse cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba, babu wani ja na kirki. Faɗuwar rana mai ɗaukar ido an fi samunta da damina, bayan ruwa ya wanke iska.

Girman da rana ke yi dab da faɗuwa kuwa ido ne ke ruɗuwa. A hoto faɗinta bai ƙaru ba. Abin da yake gaskiya, kuma ya fi ban mamaki, shi ne iska na lanƙwasa haske, ta yadda a lokacin da aka ga rana ta taɓa ƙasa, ta riga ta faɗi. Jan da ya rage bayanta shi ne shafaƙi, wanda malaman Malikiyya suka ɗauki ɓacewarsa a matsayin shigar lokacin Isha'i. Ke nan sun san abu ne da ke zuwa kullum bisa tsari.

Wadda ta fi haɗari cikin maganganun ita ce wai ba komai a ƙura wa rana ido idan ta yi ja. Rashin zafi a ido ba shaida ba ce, domin bayan ido, inda haske ke sauka, ba ya jin ciwo ko da yana ƙonewa. Yara musamman a hana su, balle da na'urar hangen nesa.

Sai zancen Turawa cewa jan yamma albishir ne na gari mai kyau gobe. A Ingila yana da tushe, don can yanayi daga yamma yake tahowa, sararin da ya ba hasken hanya shi zai iso washegari. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake haɗowa. Manomin Katsina da ke son sanin ko za a yi ruwa cikin dare, gabas zai juya ya duba.