Amfani da Tauraron Ɗan'adam Wajen Bin Diddigin Gonaki da Makiyaya

A duk lokacin da aka zauna sasanta rikicin burtali, manomi kan ce gonar gadon kakansa ce, makiyayi kuma ya ce nan ne hanyar shanunsu tun fil azal. Hotunan tauraron ɗan'adam na iya taimaka wa hakimai, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi wajen gano yadda filin yake a shekarun baya.

Tun 1972 taurarin Landsat na ƙasar Amurka suke ɗaukar hoton doron ƙasa, kuma daga 2008 aka buɗe wa kowa taskar hotunan kyauta. Kowane ɗayansu kan sake ratsa wuri guda bayan kwana 16. Nijeriya ma ta harba nata na farko, NigeriaSat-1, a 2003, ƙarƙashin hukumar NASRDA.

To, ta yaya ake bambanta gona da makiyaya daga sama? A watan Agusta abu ne mai wuya, domin gero da ciyawa duk kore ne shar, ga kuma gajimare da ke rufe ƙasa. Saboda haka masana kan jera hotunan shekara guda su bi sauyin launi. Gona takan zama fili fetal bayan shara, ta yi kore bayan shuka, sannan ta koma fayau da zarar an yi girbi an kwashe kara. Ita kuwa makiyaya a hankali take bushewa, kuma ba ta da layukan iyaka irin na gonaki. Idan aka ɗora hoton 1986 a kan na bana, sai a ga inda noma ya kutsa cikin dazuzzukan kiwo da aka keɓe bisa dokar 1965 ta tsohuwar Jihar Arewa.

Sai dai a yi hattara. Kowane ɗigo a hoton Landsat fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi, don haka siririn burtali kan ɓace a cikinsa. Sentinel-2 na Turai, mai mita 10, ya fi nuna shi, amma sai a 2015 ya fara aiki. Haka nan saurar da aka bari ta huta takan yi kama da makiyaya. Hoton kuma ba ya faɗin mai fili.

Don haka wajibi ne malaman gona da jami'an safiyo su taka har wurin, tare da mai unguwa da arɗo, su gwada abin da ke taswira da abin da ke ƙasa kafin a kafa turakun iyaka.